Ɗakin da Yayana Ya Zaɓa wa Inna a Wurno

Yayana mutum ne da ba ya iya kwana a ɗakin da ba shi da labari. Duk garin da ya shiga da jakunansa, daga Goronyo har Rabah, ba ya tambayar inda ake ba baƙo tuwo mai zafi, ko inda dabba za ta samu harawa. Abin da yake tambaya shi ne, wa ya taɓa kwana a nan? In aka ce masa wani babba daga cikin mutanen farko ya taɓa jingina bayansa da bangon wani zaure, to an gama da shi. Zai shimfiɗa buzunsa a kan kashin jemage, kuɗin cizo su sha jininsa su ƙoshi, gari ya waye ya fito yana susa yana murmushi. In ya dawo gida sai ya tara mutane a ƙofar masallaci, ya yi ta ba su labarin azarar ɗakin, da kaurin ginin, da irin sanyin da ya ji ya ratsa shi har ƙashi. Fataucin shinkafa da busasshen kifi yake yi, karatunsa bai wuce abin salla ba, amma in yana zayyana tsofaffin gidajen Wurno sai ka rantse shi ya kwaɓa ƙasar da aka gina su.

Mun daɗe muna yi masa dariya a kan wannan hali, don bayansa ne ke shan cizon, ba namu ba. Matarsa ma ta gaji da magana, sai dai in ya dawo daga tafiya ta kwashe kayansa ta shanya a rana, nesa da ɗakinta. Dariyar ta ƙare mini ne shekarar da aka kai Inna Wurno neman ido.

Inna ita ce mahaifiyarmu. Tun rasuwar babanmu tana zaune a gidan Yaya a Goronyo, ni kuwa aure ya kai ni Rabah, har na aurar da 'yata ta fari a can. Idonta na hagu ya mutu tun muna ƙanana, karan dawa ne ya soke shi a gona. Da na dama ta raine mu. Da shi ta yi kaɗi, ta tsince tsakuwa a shinkafa, ta gane kowane jikanta tun daga nesa. Sai yanar ido ta zo ta rufe shi a hankali, har ta kai ba ta gane fuskar kowa. Ɗan haske kawai ya rage mata, wanda take bambance dare da rana da shi, ta kuma ga jan wuta ta kauce wa murhu. Tana lallaɓa wannan ɗan hasken ƙwarai, don shi ne ya hana ta zama kayan ɗauka a gidan suruka.

A waɗancan shekarun Sarkin Musulmi ya fi zama a Wurno, saboda haka duk mai sana'ar da ke ji da kansa can yake nufa. Sai labari ya bazu cewa wani mai aikin ido ya sauka a garin, mutumin gabas, yana ture yanar ido da ɗan tsinken ƙarfe mutum ya tashi yana gani. Yaya ya aiko mini da wani mai kai gishiri cewa zai kai Inna da zarar an gama yankan shinkafa, in same su can, don jinyar tsohuwa sai mace. Maigidana ya yarda, ya haɗa ni da matan unguwarmu masu kai tukwane kasuwar Wurno. Na iske su Yaya a inuwar wata tsamiya kusa da ƙofar gari, Inna a kan jaki, ƙafafunta sun kumbura saboda tafiya. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce na rame.

Wurin mai aikin ido muka fara zuwa. Ya juya fuskar Inna wajen rana, ya ɗaga fatar idon da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa.

"Yanar ta nuna," in ji shi. "Gobe da hantsi ku kawo ta. Aikina ba shi da wuya, jinyar ita ce aiki. Ku nema mata ɗaki mai duhu, ba hayaƙi, ba ƙura. Ta kwanta rigingine, kada ta tauna abu mai tauri, kada ta yi tari ko atishawa in da hali, har sai na ce ta tashi."

Yaya ya yi ta gyaɗa kai kamar ya ji. Daga duk maganar nan abu ɗaya ne ya shiga kunnensa, wato duhu.

Ni tun daga Rabah na taho da masauki a raina. Akwai 'yar ƙanwar Inna da ke aure a bakin gari, wajen hanyar Dinawa, mijinta manomi ne. Sun gina wa ɗansu da zai yi aure sabon ɗakin ciyawa, an yi masa daɓe sumul, jinka sabuwa tana ƙamshi, kuma madafa na can wani ɓangaren gidan. Da ta ji muna tafe ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta fito tarbarmu da gudu. Yaya bai bari an sauke Inna ba. Ya sunkuya ya leƙa ɗakin, ya ɗago.

"Wa yat taɓa kwana nan ciki?"

"Ba kowa, Yaya," in ji ta, tana murna. "Sabo na hul. Ko kaza ba ta shiga ba."

"To ɗakin da ko kaza ba ta shiga ba za ni aje uwata? Mu taho tun daga Goronyo hal Wurno, garin manya, in an tambaye ni ina munka sauka in ce bukkar manomi?"

Ta kawo ruwa a ƙwarya, ya ce ba ya jin ƙishi, ya kuma hana a miƙa wa Inna, wadda leɓenta ya bushe tun safe. Ya san abin da yake yi. A garuruwanmu, baƙon da ya sauke kayansa a gida ya sha ruwan gidan ya zama baƙon gidan ke nan. Ba na wannan zuwan kaɗai ba, duk ranar da ya sake shigowa garin nan zai sauka, shi da 'ya'yansa. In ya kwashe kayansa ya koma wani gida, ya zagi maigidansa a bainar jama'a, kuma ba mai mutuncin da zai karɓe shi. Al'ada ce mai kyau ga fatake, don ita ke sa mutum ya bar kayansa a garin da ba nasa ba ya yi barci har da minshari. Ban taɓa ganin aibinta ba sai a wannan tafiyar.

Haka muka shiga gari muna jan tsohuwa a kan jaki cikin rana, muna zaɓen masauki. Mun tsaya gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, kusa da kasuwa, inda raƙuman gishiri ke sauka. Hayaƙi da hayaniya sun yi yawa, ni ma na ce mu wuce. Daga nan Yaya ya kai mu wani tsohon gida da ya daɗe yana jin labarinsa, mai zaure babba. Sai muka tarar maigidan ya yi wa ginin sabon yaɓe, ya shafe shi da makuba yana ta ƙyalli. Ni dai na ga ɗaki mai kyau, mai duhu daidai, wanda ba abin da ke zubowa daga samansa. Yaya ya shafa bangon da tafin hannu, ya yi tsaki.

"Sun kashe shi," ya ce.

Maigidan, wani mutum mai hankali, ya ce ai damina ce ta riƙa zuba a kan yaransa, dole ya gyara. Yaya ya dube shi da tausayi irin na wanda ya san abin da wani bai sani ba, ya ja jaki muka yi gaba.

Sai bayan la'asar muka isa gidan da tun farko shi ne a ransa. Yana cikin tsohuwar unguwa, ba nisa da hubbaren da mutane ke zuwa ziyara. Zauren ya karkace, indararo ya karye, ciyawa ta tsiro a kan soron ta bushe a can. Maigidan wani dogon dattijo ne mai farin gemu da lallausar murya. Ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya fatauci, sana'arsa ɗaki ɗaya ne da ya gada. Ɗakin yana tsakanin zaure da cikin gida. Abin da ake faɗa shi ne, lokacin da ake kafa garin wani babban malami daga cikin mutanen farko ya sauka wurin kakansa, ya yi damina guda a ciki. Tun daga nan ba a sake ɗora wa ginin ko dunƙulen laka ba, wai kada a rufe inda hannun bawan Allah ya taɓa. A zaman da na yi a gidan na ji daminar nan tana ƙara tsawo. In baƙo ya zo da ƙwaryar gero, damina ce. In ya zo da rago, sai ta zama shekaru, har da aljanun da suka riƙa zuwa ɗaukar karatu. Ba ni da abin faɗa a kan malamin, Allah ya jiƙansa, in ma ya sauka a nan ɗin. Na tabbata da ya ga bango ya tsage da ya ce a yaɓe.

Dattijon ya ɗaga asabari na shiga. Duhu kam akwai shi, da sanyi, da warin jemage. Da idona ya saba sai na ga bangon. Daga gwiwa zuwa inda hannun mutum ke kaiwa duk ya rarake, rami a kan rami, kamar tukunyar tuwon da yara suka kankare. Ƙasa kuwa ba daɓe, gari ne lukui, ƙafa na nutsewa a ciki.

"Baba, mi yac ci bangon ga?" na tambaye shi. "Gara?"

Ya yi murmushi. "Gara ba ta shiga nan, ɗiyata. Masu biɗar albarka na."

Na juya da sauri in ce wa Yaya mu fita, sai na hango shi a zaure. Ya riga ya kwance kaya daga kan jakuna, ƙwaryar ruwa na bakinsa, maƙogwaronsa na hawa yana sauka. Ban taɓa ganin mutum ya sha ruwa da gaggawa haka ba. Ya goge gemu ya miƙa wa Inna sauran, sannan ya dube ni, bakinsa har kunne.

"Mai ido ya ce duhu. Ga duhu, ga albarka bisa. Mi kika so kuma?"

Washegari da hantsi aka yi aikin, a tsakar gidan da mai aikin ido ya sauka. Aka zaunar da Inna a ƙasa, ta jingina da ƙirjina, na riƙe kanta gam. Ban iya kallon tsinken ba. Ita kuwa ko uhum ba ta ce ba, sai salati take yi a hankali. Can mutumin ya ce ta buɗe. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta juyo da kanta ta tsura mini ido, ta daɗe a haka.

"Ke," ta ce, "wa yab ba ki hurhura?"

Ta kai hannu ta kama farin gashin da ya leƙo ta gefen ɗankwalina, ba tare da ta lalubo ba. Na fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta dubi tafin hannunta ciki da baya. Wata kaza ta gifta, ta ce ja ce, ja ce kuwa. Ta dubi Yaya sama da ƙasa ta ce rigarsa na son wanki. Ba ta ƙoshi da kallo ba mutumin ya ɗiga mata magani, ya ɗaure idon da farin ƙyalle, ya ce saura sai ta warke. Ban taɓa jin farin ciki irin na wannan hantsin ba, ko ranar da na haifi ɗan fari. Aka ɗauko ta a kan gadon kara, ido a ɗaure, aka mai da ita masauki.

Na shimfiɗa ta rigingine, na saki asabari, na zauna kusa da kanta. Ko azahar ba a yi ba na ji sallama. Asabari ya ɗaga, maigida ya shigo, mutane na biye da shi.

"Baba, akwai marar lahiya ciki," na ce.

"Ai sun sani. Tsohuwa ta, uwar kowa ta. Ba su daɗewa."

Nan na ga yadda ake neman albarkar. Kowa ya zo da abin kankara. Wani wuƙa, wani bakin kibiya, wata sakaina, wata kuwa farcenta kawai. Su dafa bango su yi addu'a, sannan su hau ƙwaƙula, ƙarar na tsinka wa mutum haƙori. Namiji ya tara a hula, mace ta ƙulle a bakin zane. Za a kai gida a jiƙa a sha, ko a shafa wa yaron da ya ƙi tafiya, ko a barbaɗa a gonar da ta ƙi albarka. Abin da ke shiga hula kaɗan ne. Sauran sai ya tashi sama, ya tsaya a cikin hasken ƙofa, ya riƙa saukowa a hankali a kan ƙyallen da ke idon Inna. Ta yi atishawa sau ɗaya, ta danne ta gaba har jikinta na rawa.

Na zaci abin na ranar ne kawai. Ashe kullum ne, daga hantsi har rana ta yi sanyi. Duk wanda ya fito daga ziyara sai an nuna masa hanyar gidan nan. Akwai wani dogon makiyayi da ba na mantawa da shi. Ya dubi bangon ya ce nan ƙasa hannun kowa ya taɓa, shi ta sama yake so. Ya ɗaga sandarsa ya maka wa azara, ya tara hularsa a ƙasa, abin da ya taru a rufin nan tun kafin a haife ni ya zubo mana, har da busasshen kashin jemage.

Da gari ya waye na zauna a bakin ƙofa na miƙe ƙafa, na ce ba mai shiga. A nan na gane lallausar muryar dattijon ta masu rago ce.

"Kakana bai hana ba, ubana bai hana ba," ya ce, yana nuna ni da tasbaha. "Mutane sun taho ƙasa tun daga Zamfara, ke ka hana su?"

Yaya kuwa duk kwanakin nan yana zaure. Ya zama bakin gidan. Maigida ya samu mai yi masa aiki a banza, sai ya kishingiɗa yana cin goro, Yaya na tarbar baƙi yana ba su labarin ɗakin, har ya fi mai ɗakin iya faɗa. Da ya ji hayaniya ya taso ya ja ni gefe, fuska a murtuke.

"Kina ba ni kunya gaban mutane."

"Yaya, ƙura ta. Mai ido ya ce ba ƙura."

"Ƙurar hanya shika nuhi. Wagga ba ƙura ba ta. Abin da mutane ka jiƙawa su sha su warke, shi za ya kashe ido? Ki ji tsoron Allah."

Na dube shi in ga ko wasa yake yi. Ba wasa yake ba. Har cikin ransa ya yarda cewa ƙasar ɗakin nan ba ta shiga hanci irin yadda sauran ƙasa ke shiga. Na ce to ya je ya roƙi maigida ya sallame mu da daɗin rai, mu koma wurin 'yar uwarmu.

"Da wane baki? Mun sha ruwanai. Mutane na roƙo a bar su su leƙa, mu an ba mu mu kwana, sannan in ce ba mu so?"

Na yafa mayafi na tafi bakin gari da kaina. 'Yar uwar tamu ta yi kuka, ta ce ɗakin na nan yadda muka bar shi. Amma mijinta ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

"Da kun sauka nan tun hwarko, ba mai hisshe ku," ya ce. "Amma baƙon wani? Ni ka zama garin ga bayan kun tahi."

Ban ga laifinsa ba sosai. Wanda na ga laifinsa shi ne mai aikin ido. Ya zo sauya ƙyalle, ya ga yadda farin ya koma ja, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya ce mini a hankali ɗakin nan bai yi ba. Na ce ya faɗa wa Yaya, ya faɗa wa maigida, su maza ne, za su ji maganarsa. Ya ce shi ma baƙo ne a garin, kuma mai masaukinsa surukin dattijon nan ne. Da zai fita sai na ga ya ɗan tsaya, ya kai farce ya ƙwaƙulo ɗan abin da ya samu, ya zuba a jakar maganinsa. Daga ranar na daina ganin girmansa.

Na yi abin da zan iya. Na samo karan dawa na kakkafa a gefen gadon, na rufa zannuwana a kai na yi mata 'yar rumfa. Na riƙa yayyafa ruwa a ƙasa, har maigida ya aiko matarsa ta ce in yi hankali kada in jiƙa gindin bango. Rumfar ta tare wani abu, amma zafi ya dami Inna a ciki, ga mata masu ziyara ba sa fita sai sun ɗaga zanen sun leƙa tsohuwar da ta yi sa'a. Su ce mata barka, ta dace, ina ma su ne. Ita kuma ta amsa musu da ladabi, hannunta a kan hanci.

Wata rana da rana, da ɗakin ya ɗan yi sauƙi, na shiga rumfar na raɗa mata cewa magana ɗaya za ta yi. In ta ce wa Yaya ya fitar da ita, ba shi da yadda zai yi, uwa ce.

"Bar shi, ɗiyata," ta ce. "Shi ka yawon garuruwan ga shina biɗo muna abinci. In anka ce ya ci amanar masauki, wa ka sauke shi gobe? Ni dai na ga kaza ja. Ina ƙara gani in Allah ya so."

Na ji haushinta ita ma, haushi mai zafi, na fita na zauna a rana. Tana kwance tana tattalin mutuncin mutumin da ke zaure yana tallan ɗakin da ke cin idonta.

Ranar Juma'a abin ya ƙare. Da aka sauko daga masallaci jama'a suka yi ziyara, suka ɗunguma zuwa gidan nan. Ɗakin ya cika har ba wurin juyawa, ƙarar kankara ta ko'ina, na tsaya na baza hannu ina tare rumfar da jikina. Na baya suka turo na gaba. Wani ya yi baya-baya ya taka kara, rumfar ta rufta, duk ƙurar da ta taru a kan zannuwan ta juye a fuskar Inna. Ta hau atishawa, ɗaya na bin ɗaya, ta kasa tsayawa. Sai ta kama kanta da hannu biyu ta ce wayyo Allah, matar da aka sa wa tsinke a ido ba ta ce uffan ba. Na yi ta zagi, ban san wa nake zagi ba, mutane suka fita suna cewa matar nan ba ta da tarbiyya.

Da safe ƙyallen ya jiƙe da ruwa rawaya, gefen fuskarta ya kumbura. Ta yi kwanaki ba ta iya shan ko kunu saboda ciwon kai. Masu kankara ba su fasa zuwa ba, sai dai yanzu sukan ce Allah ya sawwaƙe kafin su fara. Da kumburin ya saɓe mai aikin ido ya dawo, ya ce a fito da ita ya duba. Muka ɗauko ta muka zaunar a tsakar gida, ya juya fuskarta wajen rana, ya kwance ƙyallen. Idon ya shanye, ya yi fari-fari da ja a gefe.

"Me kike gani, Inna?" ya tambaye ta.

"Ku hitar da ni waje tukun," ta ce.

Rana na dukan goshinta a lokacin. Ɗan hasken da ta zo da shi daga Goronyo ma ya tafi.

Kowa ya ce ƙaddara ce. Mai aikin ido ya ce wani idon ko a ɗaki mai tsabta yakan lalace, wataƙila kuwa gaskiya ne, ni ban san abin da Allah ya rubuta ba. Amma ni na share ɗakin nan safe da yamma, na san abin da nake kwashewa a faifai. Maigida ya zo ya tsuguna a gaban Inna da muryarsa mai laushi, ya ce albarkar wuri irin wannan ba lalle a gan ta a duniya ba, ta yi haƙuri, tana can tana jiran ta. Na so in watsa masa ƙwaryar kunun da ke hannuna.

Yaya ya yi kuka, ba zan hana masa wannan ba. Ya zauna bayan zaure ya rufe fuska da hannun riga yana shessheƙa. Amma ranar da za mu tafi na ji shi da kunnena yana yi wa dattijon godiya doguwa, yana neman gafara a kan rashin kunyar ƙanwarsa, yana cewa shi da zuriyarsa ba su da wani masauki a Wurno sai nan. Ya kuwa cika alkawari. Har yau 'ya'yansa in sun kai shinkafa nan suke sauka, an ce yanzu ta wani gefen bangon ana hango waje.

Ban koma Rabah kai tsaye ba, na raka su Goronyo don in ga yadda za ta zauna. Mata suka yi ta shigowa yi mata sannu, ɗakinta ya cika. A cikinsu akwai wata tsohuwar ƙawarta, maƙwabciya, wadda tunda aka haife ta ba ta taɓa wuce fadamar garin ba. Ta yi sannu, ta yi addu'a, ta share hawaye da bakin zane. Sai ta kasa daurewa, ta matso kusa.

"An ce ɗakin malamin nan kunka sauka. Ke kam duk da haka kin dace. Don Allah hwaɗa muna, ƙaƙa shike ciki?"

Inna ta juya fuskarta wajen muryar, ta ɗan saɓa, tana fuskantar bango.

"Tambayi ɗana," ta ce. "Shi yag gani."